Ginin gwamnati da ba shi da zaure

Watan Afrilun da ya wuce na raka Goggo wata kotu a nan cikin garin Bauchi, ba sai na faɗi wacce ba, maganar 'yarta ce da mijinta, aure ya ƙi daɗi har ta kai ga alƙali. Tun takwas da rabi muka isa, ba a kira mu ba sai wajen sha biyu. Duk tsawon lokacin nan mu da dangin mijin benci ɗaya muka raba a gindin dogon yaro, don benci biyu ne kaf a harabar, ɗayan ma ƙafarsa ta karye an tokare shi da bulo mutane sun cika shi. Goggo na wannan gefe tana jan carbi, uwar mijin na wancan gefe tana ta tsaki, ni ina tsakiya kamar darni. Da aka kira mu muka shiga, ɗakin ɗan ƙarami ne, tagogi a buɗe saboda zafi, masu jiran tasu shari'ar duk sun zo sun jingina da taga suna leƙe, har da yaro mai tallar fiya wata. Alƙali ya yi wa yarinyar tambayar da dole sai ya yi ta, irin tambayar da ko uwar da ta haife ta ba za ta yi mata da ƙarfi ba, ta sunkuyar da kai ta amsa ƙasa-ƙasa, magatakarda ya ce "ɗaga murya baiwar Allah, ba a jin ki". Ta ɗaga. Wani daga taga ya yi dariya.

Da muka fito Goggo ta ja hannun rigata ta ce "ɗan nan, nemo min inda zan kama ruwa". Na tambaya aka nuna min wata ƙofa da kwaɗo a jiki, wai na ma'aikata ne, makullin yana wurin oga, oga kuma ya fita.

Tun ranar abin yake cina. Ku duba fa yadda aka juya lamarin: sirrin yarinyar nan da ya kamata a rufe shi ne a buɗe kowa na ji, ban ɗaki da inuwa da wurin zama da ya kamata su zama na kowa su ne aka garƙame. Kuma ni ban ga laifin alƙalin ba, aikinsa ya yi. Ginin ne bai ba shi inda zai yi wannan tambayar ba sai gaban taga. Haka yawancin gine-ginen hukuma suke a wajenmu, asibiti ne, sakatariya ce, ofishin 'yan sanda ne, ofishin fansho ne, matsayi biyu kawai suka sani, ko dai kana waje a rana mai gadi yana hararar ka, ko kuma kana can ƙuryar ofis a gaban teburin mutum kana kallon fayil ɗin wasu. Babu tsakiya.

Abin haushin shi ne kakanninmu sun daɗe da warware wannan matsala da tubali da azara. Ka tuna gidan gargajiya na cikin gari, irin na unguwannin Jahun ko Nassarawa kafin siminti ya cinye su. Daga titi akwai dakali a ƙofar gida, wannan na kowa ne, mai wucewa ma zai iya zama ya huta ba wanda zai ce masa don me. Sai zaure, nan baƙo ke yin sallama, nan maigida ke karɓar mutane, nan malam ke ba da karatu, nan ake ɗaurin aure da zaman makoki, wani ma nan yake sana'arsa ta ɗinki ko dukanci. Ka wuce zaure sai ka faɗa wani fili, sannan shigifa, wadda sai na kusa ake kaiwa, aboki na ƙut da ƙut ko suruki. Bayan nan ne tsakar gida da ɗakunan mata da turaka. Kuma wayon da magina suka yi, ƙofar shiga zaure da ƙofar fita zuwa ciki ba sa kallon juna, a karkace ake yin su, ta yadda kana zaune a zaure iska na ratsa ka amma idonka ba zai taɓa miƙewa ya kai tsakar gida ba. Babu allo da aka rubuta "ba a shiga", babu mai gadi da kulki, ginin da kansa ke gaya maka iyakarka, kuma a duk inda ka tsaya an tanadar maka inuwa da tabarma. Wanda aka tsayar a zaure bai jin an wulaƙanta shi don an karɓe shi.

Addini ma ya zo ya ƙarfafa wannan. Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, Suratul Hujurat kuma ta yi tir da masu tsayawa a bayan ɗakunan Manzon Allah (SAW) suna ƙwala masa kira, alhali ɗakunan nan manne suke da masallacin da kowa ke shiga, inda ake hukunci ake karɓar baƙi. Wato tun can shugaba yana da wurin da jama'a ke da haƙƙin samun sa, yana kuma da wurin da ba su da haƙƙin kutsa masa.

Ginin sarauta shi ya ɗauki wannan tsari ya faɗaɗa. Wanda ya taɓa zuwa Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa ya ga gidan Madaki da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, shi ne dai maginin da ya yi masallacin Juma'a na Zariya, gidan kuma yana cikin na farko-farko da aka sa a jerin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Ka shiga ka ɗaga kai ka ga bakan gizo, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, za ka gane cewa gwanintar magini a soron karɓar jama'a ake zuba ta, inda talaka da baƙo za su zauna. Haka ƙofar fadar Bauchi, fili ne a buɗe da masallaci a kusa, ranar hawan sallah kowa na da wurin tsayawa. Yau kuwa je ka kowane sabon ofis ka tambayi ina aka kashe kuɗi, za a kai ka bene na sama, ofishin oga, tayil mai sheƙi, esi biyu, ban ɗaki a ciki, firij. Wurin da mutum ɗari za su jira kuma lungu ne mai duhu da benci ɗaya, in ma an sa.

To kada wani ya ce ina kukan zamanin da ne, tsarin da ɗin ma yana da nasa. Zaure na maza ne, mace mai ƙara sai ta nemi wanda zai shigar da maganarta ko ta tsuguna daga bakin ƙofa, talaka kuma tun daga nesa yake cire takalmi. Ba wannan nake so a dawo da shi ba. Dabarar matakai nake nufi, a ce tsakanin titi da teburin ma'aikaci akwai zango uku ko huɗu, kowane da masu shigarsa da abin da ake yi a cikinsa.

Kuma ba mu kaɗai muka san wannan ba, masu zanen kotuna a ƙasashen da suka ɗauki abin da muhimmanci hanyoyi uku suke fitarwa a cikin gini ɗaya: hanyar jama'a daban, ta alƙalai da ma'aikata daban, ta waɗanda aka kawo daga gidan yari daban, ukun nan ba sa haɗuwa sai a cikin ɗakin shari'a. Dalilin a bayyane yake. Alƙalin da zai bi ta cikin dangin wanda ya ɗaure jiya kafin ya kai kujerarsa, ko dai tsoro ya kama shi ko kuma a riƙa tare shi a hanya da "ranka ya daɗe, ɗan maganar nan tamu". Mai shaida da aka zaunar kusa da wanda zai ba da shaida a kansa na awa uku, kafin a kira shi rabin maganar ta gudu. Wanda ake tuhuma kuma, da doka ta ce ba shi da laifi sai an tabbatar, a sauke shi daga mota da ankwa a ratsa da shi ta tsakiyar masu kallo, an riga an yanke masa hukunci a unguwa. Sai kuma ƙananan ɗakuna a gefen ɗakin shari'a inda lauya zai gana da mai ƙara, ko a zauna sulhu. A wajenmu gindin bishiya ne ofishin lauya, abokin shari'arka na taku biyar daga wurin yana kasa kunne.

Wani zai ce to ai shari'a a bainar jama'a ake yi, kuma gaskiyarsa. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a buɗe za a yi zaman kotu, wannan kuwa kariya ce ga talaka, don shari'ar da aka yi a ɗaki a rufe ba ka san me aka ƙulla ba. Amma shi wannan sashen dai ya ba kotu damar fitar da 'yan kallo idan maganar ta shafi yaron da bai kai 18 ba, ko mutuncin jama'a, ko sirrin rayuwar masu shari'ar. Sashe na 37 kuma ya kare sirrin ɗan ƙasa. To alƙali ya ce a fita, a fita zuwa ina? Taga ce ba gilashi, rufe ta kuma a watan Afrilu a Bauchi da zafi ke kusan digiri 40 ba wuta ba fanka, sai a suma. Dama ce doka ta bayar amma bulo da siminti suka hana. Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba, a ce tagogin ɗakin shari'a suna kallon wani fili na ciki da ba a bari a shiga, wurin jira kuma yana ɗaya gefen, ko a ɗaga tagar sama da tsayin mutum yadda iska za ta shiga kunne bai kai ba. Irin karkata ƙofar zauren nan ce dai.

Asibiti ya fi ma ban takaici. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce bayanin rashin lafiyar mutum sirri ne, an kuma yi dokar kare bayanan jama'a a 2023, amma ka je wurin karɓar kati ko kantar magani a yawancin asibitocinmu, layi ne kafaɗa da kafaɗa, mai ba da magani na bayan waya yana ɗaga murya yana bayanin yadda za ka sha, na bayanka ya riga ya gane ciwonka tun daga sunan ƙwayar. Wani wurin likita biyu ne a ɗaki ɗaya, tebur na kallon tebur. Mafi muni shi ne a ware wani ɗaki can gefe a rubuta sunan cutar a ƙofa, duk wanda aka ga ya nufi wurin an gama da shi. Mutane na fasa karɓar magani saboda ƙofa wallahi, su gwammace su hau mota su tafi Jos ko Gombe inda ba a san su ba. Mai zanen da ya san garin nan, inda kowa ɗan uwan kowa ne, zai sa ƙofa ɗaya kowa ya shiga, sai a ciki hanya ta rabu.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce hujjar masu katanga, kuma ba hujjar banza ba ce. Mu a nan mun ga 7 ga Satumba 2010 da aka fasa gidan yarin Bauchi aka saki fursunoni sama da 700. A 2011 aka kai bom hedikwatar 'yan sanda a Abuja a watan Yuni, a watan Agusta kuma mota ta fasa get ta shiga ginin Majalisar Ɗinkin Duniya. Daga nan ne kowane ofis ya ƙara tsayin katanga, aka jera durom da buhunan yashi, aka toshe tituna, kuma wanda ya rayu a shekarun nan ba zai zargi kowa ba. Sai dai ka lura, abin da ya fi yin ɓarna a irin waɗannan hare-hare mota ce da ta samu kusantar gini. Amurka ma darasin da ta ɗauka kenan bayan harin Oklahoma na 1995 da ya kashe mutum 168, inda aka ajiye mota cike da bom a gaban wani ginin gwamnati, sai suka koma nisanta wurin ajiye motoci da kafa turaku masu tare mota su bar mai tafiya a ƙasa ya wuce. Mu kuwa sai muka yi akasin haka, motar oga da ta abokin oga na shiga har bakin ƙofa ba a ko buɗe but, tsohuwa mai takarda a leda ita ake tsarewa a get. Sannan mutanen da aka hana shiga su taru cunkus a bakin titi, wanda in don tsaro ne wannan taron shi ne ma babban hatsari.

Ga wani abu da katangar nan ke haifarwa da ba a cika lissafawa ba. Duk inda mutum bai san inda zai nufa ba, sai an samu mai nuna masa hanya, shi kuma ba kyauta yake yi ba. Ginin da ba shi da teburin tambaya a bakin shiga, ba allon da ya nuna kuɗin kowace takarda da ɗakin da ake yin ta, da Hausa da ajami ba Turanci kaɗai ba, shi ke ciyar da 'yan "kawo in shigar maka". Tun 2011 muke da dokar 'yancin samun bayanai, amma bayanin farko da ɗan ƙasa ke nema shi ne wace ƙofa zan bi, shi ma sai ya ba da na goro. Ni a ganina rabin ƙananan cuwa-cuwar ofis daga lungu take farawa, da a ce kanta ce a buɗe a falo ɗaya kowa na ganin kowa, da karɓar abin ya yi wuya. Ma'aikaci ma hutu ne gare shi, don a yanzu duk mai nema har teburinsa yake zuwa, ga fayil ɗin albashin mutane a baje, ga mai talla ya shigo, ga ɗan uwa ya zo gaisuwa, yaushe zai yi aikin. Shi ma yana buƙatar tsakar gidansa.

Jamusawa da suka gyara ginin majalisarsu a Balin, wanda aka buɗe a 1999, sun ɗora masa ƙubba ta gilashi da jama'a ke hawa suna zagayawa, 'yan majalisa suna ƙasa, jama'a suna sama. Amma sai ka yi rajista an bincike ka kafin ka hau, kuma hanyarka ba ta bi ta ofisoshinsu ba. Ostareliya ta shimfiɗa ciyawa a kan rufin majalisarta a 1988 don mutane su riƙa takawa, a 2017 tsoro ya sa aka kewaye da shinge. Kowa dai na fama da wannan ja-in-ja. Ni wanda ya fi burge ni shi ne kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu a Johannasbag, da aka buɗe a 2004 a harabar tsohon kurkuku, suka gina ta a kan tunanin shari'a a gindin bishiya yadda dattawansu ke yi, har da bulon tsohon kurkukun a jikin bangon. Su sun koma gida sun ɗauko, mu kuma muna kwafo ginin gilashi daga hoton Dubai mu dasa shi yana fuskantar yamma, rana ta gasa shi, hunturu ya lulluɓe shi da ƙura, a rufe da labule a tayar da janareta. Tsofaffin ofisoshin zamanin En'e da faffaɗar baranda sun fi su sanin garin da suke, barandar nan ita ce zaurensu.

Matakala kuma kada ma a fara. Dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Na ga an yi gangara a wasu wurare, wata kuwa tsayuwarta ko mai ƙafa biyu sai ya dafa. Baffana da aka kira tantance 'yan fansho a wani ofis, bene na biyu aka sa teburin, samari biyu suka ɗauke shi cak kamar buhun masara, yana cewa "ku sauke ni 'ya'yan nan, zan iya", alhali ba zai iya ba. Ka'ida ce mai sauƙi, duk hidimar da ta fi tara jama'a a ajiye ta a ƙasa kusa da ƙofa, manya su hau sama.

Sai dai in za a yi adalci, ba kullum ne laifin mai zane ba. Sau da yawa a takarda akwai ɗakin jira, akwai ban ɗakin baƙi na maza da na mata, akwai wurin alwala. Kuɗi ya gaza, ɗan kwangila ya tambayi me za a cire, ba wanda zai ce a rage ofishin oga, sai a yanke na jama'a tunda ba su da wakili a teburin. In ma an gina, bayan shekara biyu an naɗa sabon darakta ba shi da ofis, sai a kawo kafinta ya raba ɗakin jira da filawud. Ban ɗaki ya toshe sau ɗaya, ba kuɗin gyara ba ruwa a tanki, sai kwaɗo. Ƙofa uku aka zana, mai gadi ɗaya aka ɗauka, sai a rufe biyu. Shi ya sa yanzu da Bauchi da Gombe ke ta sabbin gine-ginen gwamnati, ni tambayar da zan so 'yan jarida su riƙa yi ranar yanke kirtani ita ce mutum nawa ke zuwa nan a rana, kujera nawa aka sa musu, mace mai goyo ina za ta shayar, wa aka ba kuɗin wanke ban ɗaki a kasafin baɗi.

Mun san ana iyawa, don ga kabarin Tafawa Ɓalewa nan da aka buɗe a 1979, ka bi ta doguwar hanya mai duhu, haske na ɗan ratsowa, a hankali har ka fito fili ba rufi inda kabarin yake. Kafin ka kai wurin muryarka ta sauka da kanta, ko 'yan makaranta da ake kawowa a bas sukan yi tsit.

Zaman kotu na biyu da muka koma, Goggo ta ƙi shan ko kurɓin ruwa tun asuba, ta kuma sa na ɗauko mata tabarma a mashin, muka shimfiɗa can bayan ginin kusa da inda ake jingine kekuna. Sai da aka kira sunan 'yarta sau biyu kafin muka ji.